Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Na Anatomi Da Fiziyoloji A Makarantun Jinya Na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifi, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ni ɗalibarku ce, ina shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikin makarantun koyon aikin jinya na garin nan. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kunya da nauyinku suna hana ni faɗa. Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne, makon jiya da la'asar na wuce wasu sababbin ɗalibai zaune a gindin darbejiya, kowace da fotokwafinta a cinya, ido a rufe, tana maimaita sunayen ƙasusuwa takwas na wuyan hannu. Na tsaya na tambayi ɗayarsu ta nuna mini inda ƙasusuwan suke a nata hannun. Ta dubi hannun, ta dube ni, sai hawaye. Shekara biyu da suka wuce haka nake, a gindin wannan bishiyar.

Kun fi ni sanin nauyin da ake ɗora mana a watannin farko, waɗanda muke kira PTS. Yarinya ta fito daga sakandare, iyakar abin da ta sani game da jikin mutum 'yan shafuka ne a littafin bayoloji. Cikin wata shida ana so ta san ƙashi 206 na baligi, kowanne da sunansa da tudunsa da raminsa, ta san jijiyoyi guda 12 bibbiyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da 31 bibbiyu da ke fitowa daga laka, ta shiga cikin tsokoki sama da 600, ta kuma bayyana yadda ƙoda ke tace kusan lita 180 na ruwa a yini amma abin da ke fita a fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Duk wannan da Turancin da rabinsa Latin ne da Girkanci. A ƙarshe akwai jarrabawar da ake tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Ban zo roƙon a rage ko ƙashi ɗaya ba. Wanda za a damƙa wa ran mutum dole ya san jikin mutum. Roƙona a kan hanyar da ake bi a kai mu can ne.

Tare muka shigo da wata ƙawata daga wani ƙauye ta wajen Soba. Mahaifinta buhunan masara ya sayar ya biya mata kuɗin makaranta. A cikinmu ba wadda ta kai ta hannu: in ta gyara gado sai ka rantse tsohuwar nas ce, kuma tun tana ƙarama take jinyar kakarta mai shanyewar ɓarin jiki, ta san yadda ake juya mara lafiya ba tare da an ja masa kafaɗa ba. Ta haddace izu talatin, saboda haka ba wanda zai ce mata ba ta da kai. Amma anatomi, wato ilimin ginin jikin mutum, ya kayar da ita. Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari, wuta kuwa sai an ga dama, tana duƙunƙune cikin bargo da fitilar waya har kiran assalatu. Goro da shayi baƙi ta mai da abinci. Ana saura mako biyu jarrabawa hannunta ya fara rawa, in ta karanta shafi ta juya sai ta ce komai ya gudu. Ranar da aka kafe sakamako ni na raka ta tasha. Abin da ta faɗa mini a bakin mota har yau yana cina: ta ce ita har aka gama ba ta taɓa gane mene ne bambancin jijiya da jijiya ba.

Wannan magana tata ce ta buɗe mini ido, kuma a kanta nake so ku ɗan tsaya, Allah ya ƙara muku girma. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, jijiya, ita yake kiran abubuwa aƙalla biyar da ita. Wadda ke ɗauke jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi jijiya ce. Wadda ke komo da shi jijiya ce. Farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ɗan yatsa jijiya ne. Agara, wadda ta ɗaure tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige, jijiya ce. Wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gwiwa ita ma jijiya ce. Ɗalibar da ta tashi da Hausa, in malami ya ambaci kowanne daga cikin biyar ɗin da Turanci, can cikin kanta kalma ɗaya take ji. Sai ta haddace sunaye biyar ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Ranar jarrabawa ta rubuta sunan jijiyar jini inda ake neman jijiyar saƙo, malami ya ja jan biro yana mamakin wannan irin sakaci, alhali ba sakaci ba ne. Da a makon farko wani ya tsaya minti goma ya ce, "Abin nan da kuke kira jijiya a gida, yau za mu raba shi gida biyar: wannan bututu ne jini ke gudu a ciki, wannan kamar wayar lantarki ce, wannan igiya ce ta ɗauri," da an ɗauke wa ɗalibai da yawa wahalar wata shida. Haka ma kalmar ciki, wadda take nufin tumbi, take nufin duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara, take kuma nufin juna biyu.

Su kansu sunayen da suke firgita mu, sai a shekara ta biyu na gano cewa yawancinsu kalmomin gida ne a wurin masu harshen. Ƙashin nan na gaban gwiwa da ake kira fatela, ma'anarsa ƙaramin faranti, mu kuma muna ce masa ƙoƙon gwiwa, ashe ido ɗaya muka kalle shi da shi mu da su. Tibiya, ƙashin ƙwauri, sunan sarewa ne. Felbis daro ne, kuma duk wanda ya kalli ƙasusuwan ƙugu ya ga daro. Kokiliya ta cikin kunne katantanwa ce. Diyodinam, farkon ƙaramin hanji, daga kalmar goma sha biyu aka samo shi, don tsawonsa ya kai faɗin yatsu goma sha biyu. Ranar da na san haka na yi farin ciki, na kuma yi takaici, don na kwashe watanni ina haɗiye waɗannan kalmomi kamar tsakuwa. Sunan da aka gaya wa mutum ma'anarsa ba ya ɓacewa da sauƙi.

Mu 'yan Zazzau ba baƙi ba ne ga karatu mai wuya cikin harshen da ba namu ba. Ku shiga Unguwar Juma ko Kona da hantsi, ku zauna a zauren malami. Almajiri zai karanta jimlar Larabci, malam ya warware ta da Hausa gaɓa-gaɓa, ya kawo misali da kasuwa ko gona ko rabon gado, sannan a wuce jimla ta gaba. Ɗaruruwan shekaru ana haka, kuma ba wanda ya ce Hausar ta raunana Larabcin. Da ita aka yaye malaman da suka rubuta littattafai da Larabci tsantsa. A makarantar allo kuma ba a wanke wa yaro allo a rubuta masa sabo sai ya biya na jiya an ji ya zauna. Mu a nan, Litinin ana ƙasusuwa, Laraba an shiga tsoka, kafin Juma'a an fara zuciya, ba a tsaya an ji ko na Litinin ya zauna ba.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya. Jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da Turanci ake yin ta. Likita da Turanci zai rubuta a fayil. A ajinmu akwai 'yan Kudancin Kaduna, akwai Yarabawa da Ibo na Sabon Gari. Ban ce a mai da lakca Hausa ba. Na ce bayan an faɗi abu da Turanci, a ɗan sauko a faɗe shi da harshen da yawancin ajin suke tunani da shi, ko da jimla biyu ce, sannan a koma. Waɗanda Hausa ba harshensu ba ce ma suna buƙatar wannan, wataƙila fiye da mu, don tsohuwar da za a kwantar musu gobe daga Giwa ko Maƙarfi ba za ta ce komai da Turanci ba. Za ta ce jijiya ce ta riƙe mata ƙafa, ko ta ce saifarta ta kumbura, kuma nas ce za ta zauna ta fahimtar da ita dalilin da zai sa ta ci gaba da shan maganin hawan jini alhali ba ta jin ciwon komai.

Bari in gaya muku inda na koyi zuciya, don ba a aji na koye ta ba. Na zana ta ya fi sau ashirin, ina sa kibiyoyi ja da shuɗi, amma in aka tambaye ni sai in rikice. Da Babbar Sallah ta zo, kawuna yana fiɗar ragon layya, na roƙe shi ya ware mini zuciya da huhu da maƙogwaro a haɗe, kada ya yanka. Ya yi dariya ya ba ni. Na zauna a bakin rijiya da faranti da wuƙa. Na sa bututun roba a maƙogwaron na hura, sai ga huhu ya tashi ya yi fari-fari, na saki ya kwanta. Na tsaga zuciyar na ga ɗakuna huɗu, daidai da na mutum. Na matsa bangon ɗakin ƙasa na hagu na ji shi da kauri, ya kusa ninka na dama sau uku, nan take na gane dalili ba tare da an gaya mini ba: na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa har tafin ƙafa. Na ga fararen zaruruwan da ke riƙe da ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa don kada ya juye baya. Na zuba ruwa a babbar jijiyar da ke fita daga hagu, ruwan ya tsaya bai koma ciki ba, ƙyauren ya rufe a idona. Na laluba bangon da ya raba dama da hagu da yatsa, babu ƙofa ko ɗaya. Daga baya na karanta cewa likitocin da sun daɗe suna zaton akwai ƙananan ramuka a wannan bango, sai Ibnun Nafis, likitan da ya rayu a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu, jini ta huhu yake zagayawa ya koma hagu. Wilyam Habi na Ingila bai bayyana zagayen jini gaba ɗaya ba sai a 1628. Da yammar nan ɗaya na fahimci abin da ya gagare ni wata huɗu, kuma har yau bai gudu ba.

Nawa ne zuciyar rago a wurin mahauta? Ga su nan a Tudun Wada, ga su a kasuwar Sabon Gari, ga kwata. In aka kasa aji gida goma, kowane gida aka ba shi zuciya ɗaya da ƙoda ɗaya, mu ɗalibai da kanmu za mu haɗa kuɗin. Ƙodar tunkiya ce ta yi kama da ta mutum, sumul kamar ƙwayar wake, ta saniya kuwa gunduwa-gunduwa take. Tumbi kam sai malami ya ja kunne, don na dabbar da ke tuƙa ɗaki huɗu ne, namu ɗaya. Ko wannan bambancin darasi ne.

A makarantarmu akwai ƙwarangwal na roba da gunkin da ake cire masa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu na taɓa su a wata shida na farko. Kullum suna kulle, makullin yana hannun wanda ba ya nan. Na fahimci tsoron kada a lalata ko a sace, kayan da tsada. To a ɗora wa 'yan shekarar ƙarshe amana, a buɗe ɗakin bayan la'asar awa biyu, a ajiye littafin sa hannu. Ni na yarda a rubuta sunana na farko. Kafin nan ma, kowane ɗalibi da ƙwarangwal ɗinsa ya zo aji. A ce kowa ya sa yatsa a ƙashin da ya fi tudu a gindin wuyansa in ya sunkuya, a ce wannan shi ne na bakwai a ƙasusuwan wuya. A ce a lalubo bugun jini a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. A ƙirga haƙarƙari. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani.

Sai da aka tura mu ɗakin haihuwa na san abin da ake nufi da fiziyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Wani dare wata mata ta haihu lafiya, mabiyiya ta fita, muna murna, sai jini ya ɓalle. Sistar da ke aiki ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ɗora hannu a marar matar in murza mahaifa, ta sa aka zuƙe mata fitsari da roba, ta yi mata allura. A ƙarƙashin tafina na ji mahaifar da ta yi laushi kamar ƙullu tana tattaruwa har ta yi tauri, jinin ya ja baya. Da gari ya waye Sista ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa a minti ɗaya ya kai rabin lita ko ya fi. In mabiyiya ta rabu, bakunan jijiyoyin jini a buɗe suke, abin da ke toshe su shi ne tsokar mahaifa da aka saƙa ta kamar tabarma, in ta tsuke sai ta shaƙe su. Mafitsara kuma a gaban mahaifa take zaune, in ta cika sai ta hana ta tsukewa. Na yi wannan darasi a aji, na ci shi a jarrabawa, amma a daren nan na san ban taɓa saninsa ba. Haka maganar allura a ɗuwawu. An ce mana a raba shi huɗu a soka a sama ta waje, muka haddace. Da an haɗa mana da cewa jijiyar saƙo mafi girma a jiki, wadda ake kira sayatik, ta ɓangaren ƙasa na ɗuwawun take bi ta sauka ƙafa, kuma allura ɗaya a gurbin da ba daidai ba tana iya barin yaro yana jan ƙafa, da ba wanda zai ɗauki darasin ƙugu a matsayin abin haddacewa don maki. Ku riƙa fara mana da mara lafiyar, sannan ku kawo zanen.

Akwai kuma maganar kunya, wadda ba a cika faɗa ba. Ranar da aka zo darasin al'aura da gaɓoɓin haihuwa, aji a cakuɗe maza da mata, mu matan duk kai a ƙasa, samari a baya suna ƙus-ƙus. Malam ya tambaya ko akwai mai tambaya, aka yi tsit, ya ɗauka an gane. Wallahi tambayoyi ne cike da bakinmu. Tarbiyyar da muka taso da ita ba ta gushewa don an sa farin kaya. In da hali, a ware zama ɗaya mata su kaɗai da malama, maza su kaɗai da malami, ko a ajiye akwati a jefa tambaya a rubuce ba suna. Wadda ta ji kunyar tambaya a aji, ita ce gobe za ta tsaya a kan mace mai naƙuda.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Da yawanmu ba ma buɗe littafi sai jarrabawa ta ƙarato, mu bi tsofaffin tambayoyi muna canki-canki, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Waya kuma tana cinye mana dare. Amma yarinya 'yar shekara goma sha takwas ba ta san yadda ake karatun irin wannan fanni ba sai an nuna mata. Mahaddata sun san sabon karatu ba ya zama sai da tilawar na baya kullum. Ku yi mana ƙaramin gwaji duk mako, tambaya goma, biyu daga ciki na makonnin da suka wuce, ku kuma dawo mana da takardunmu mu ga inda muka kauce. Ƙawata ba ta taɓa ganin takardarta ko ɗaya da aka duba ba kafin babbar jarrabawa. Da an gwada ta a mako na uku, da an gano matsalar jijiya tun da sauran lokaci. Ku kuma gaya wa sababbi da bakinku cewa su yi barci. In mu muka faɗa ba sa ji, gani suke so muke su faɗi. In malamin fiziyoloji ya ce ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta, za su yarda.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Malami ɗaya a gaban aji maƙil, ga manhaja mai tsawo, ga lokaci kaɗan, ga abokan aikinku da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya sun bar muku kayan. Akwai a cikinku wanda ya taɓa tsayawa da mu har magariba yana zana nefron, 'yar ƙaramar matatar da ke cikin ƙoda, a allo ba wanda ya biya shi, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya sa na yi ƙoƙari kada in roƙi abin da sai an jira kasafin kuɗi.

Tun daga ranar da na dawo daga tasha na sayi littafi mai bango mai kauri. Duk kalmar da aka koya mana, ina rubuta ta, in rubuta ma'anarta ta asali in na samu, in sa sunanta na Hausa a gefe. Wasu na tambayi kakata, wasu mahauta, wasu ungozomar unguwarmu, wasu kuma marasa lafiya ne suka koya mini ba su sani ba. Matsarmama, tantani, ɓargo, allon kafaɗa, ƙashin baya, duk suna ciki. Wurare da yawa na bar fili don ban sami kalmar ba, wasu kuma ina tsoron na yi kuskure, kuma kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin ya fi ƙarfin ɗaliba. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, da masana jikin ɗan Adam da masana Hausa a Samaru, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce. In ku da kuke koyar da mu kuka zauna da su, ɗan littafi mai shafi hamsin zai iya fitowa wanda kowace sabuwar ɗaliba za ta riƙe a makon farko.

Ƙawata ta kira ni watan jiya. Mahaifinta ya amince ta sake neman shiga bana, in damina ta yi kyau. Na yi mata fotokwafin littafin na aika mata ta hannun direban motar garinsu, na ce ta fara da shafin jijiya. Na asalin yana wurina. Duk malamin da ya yarda ya duba mini shi ya gyara, ya aiko a kira ni, zan kawo masa har ofis.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin zama da mu.

Wassalam,
Ɗalibarku,
daga Zariya.